Ƙaddara Ce, Amma Ta Hannuna Ta Biyo: Yadda Innarku Ta Rasa Ido

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya kai ka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutane, da sharrin harshenka.

Gida ɗaya muke kwana, amma na zaɓi in rubuta maka, domin akwai maganar da uba ba ya iya faɗa yana kallon idon ɗansa. Ka karanta wannan takarda kafin ka kama hanya.

Ka ce mini ka samu aiki da wani kamfani mai sayar da ƙwayoyin ƙarin lafiya, irin su bitamin da man kifi da kafson zogale da na kurkum. Na ce Allah Ya sa albarka, na kuma san ka lura fuskata ba ta sake ba. Ba hana ka zan yi ba. Sana'a ce, kuma noman Kurfi yanzu ba ya riƙe matashi, tunda rabin gonakinmu na wajen Barkiya ba mai iya zuwa cikinsu saboda 'yan bindiga. Amma kafin ka tsaya gaban marar lafiya da kwalba a hannu, sai ka ji abin da kwalabe irin waɗannan suka yi a gidan da aka haife ka.

Kai abin da ka sani shi ne Innarku ta yi ciwo lokacin kana makaranta a Zariya, ka dawo ka tarar idonta na dama ya tafi, na hagu sai dishi-dishi. Aka ce maka ƙaddara ce. Ƙaddara ce, amma ta hannuna ta biyo.

Abin ya fara ne ƙarshen wata damina, ana shirin yankan gero. Na dawo daga masallaci da safe na same ta zaune a bakin gado, ɗankwali a kan cinyarta. Ta ce, "Malam, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Kafaɗun nan kamar an zuba musu ƙasa." Na ce sanyi ne, ta shafa man zafi. Kullum safiya haka take tashi, wuya da kafaɗu da ƙugu duk sun ƙage, sai rana ta ɗaga sosai jikin ya ɗan saki. Da yake da hantsi nake ganinta tana ɗan motsi a tsakar gida, sai na ɗauka abin bai kai yadda take faɗa ba. Ta koma yin sallah a zaune, don in ta yi sujada ba ta iya tasowa. Ta rame, abinci ya fita ranta. Ni kuwa ina ta kawo mata haɗin kemis, ƙwayoyi kala-kala a ƙulle cikin leda, waɗanda ko mai sayar da su bai tambaye ni shekarunta ba.

Akwai ranar da ta ce in miƙo mata buta, na ce mata, "Ke ma dai kin fara son jiki." Macen da ta shekara talatin tana tashi kafin zakara, ita na kira mai son jiki. Har yau wannan kalma tana ci na.

To ka ji na farko, Hamisu. In mutum ya ce maka jikinsa na ciwo, ka yarda da shi. Kada ka laƙaba wa ciwon da ba ka sani ba suna don kawai ka huta. "Sanyi ne," "shawara ce," "tsufa ne," da waɗannan kalmomi muke rufe bakin marasa lafiya a ƙasar nan. Za su zo wurinka suna neman suna ga abin da ke damunsu. Kai ba likita ba ne, kuma "ban sani ba" ba ta taɓa kashe kowa ba.

Yayarka Saratu ce ta matsa muka je asibiti a Dutsin-Ma. Suka ɗebi jini, suka ce akwai alamar kumburi a jiki amma ba su gane tushensa ba, suka tura mu Katsina. Can muka haɗu da wata likita, mace mai natsuwa, ta daɗe tana yi wa Innarku tambayoyi. Ta ce sunan ciwon polimayaljiya rumatika, ciwo ne na waɗanda suka manyanta, kuma ba kasafai suke ganinsa a nan ba. Sai da ta maimaita mini sunan kafin bakina ya kama shi. Ta rubuta wata 'yar farar ƙwaya, firednisolon, ta ce ita ce maganin. Ta haɗa da wasu guda biyu, kalsiyam da bitamin D, ta ce su ba ciwon suke kashewa ba, ƙashi suke karewa, domin farar ƙwayar in an daɗe ana sha tana cin ƙashi a ɓoye.

Sannan ta dube ni, ba Innarku ba, ta ce, "Baba, abu biyu nake so ka riƙe. Kada a tsayar da farar ƙwayar nan kwatsam, ko da ta ji sauƙi. Mu ne za mu riƙa rage ta sannu a hankali. Na biyu, ciwon nan yana da ɗan'uwa mai kama jijiyoyin jinin kai. In ta fara ciwon kai a gefen goshi, ko muƙamuƙinta ya riƙa gajiya in tana tauna, ko ganinta ya yi hazo, ku zo a ranar. Kada ku kwana."

Na ce na ji. Wallahi na ji, da kunnuwan nan nawa biyu.

Cikin 'yan kwanaki Innarku ta miƙe kamar ba ita ba. Na shigo na tarar da ita tana shanya a kan igiya, hannuwa sama, tana dariya. Da ƙwayoyin farko suka ƙare na je sayen wasu, sai na sayi farar kaɗai. Na ce a raina, ai sauran biyun likita da bakinta ta ce ba magani ba ne, ƙari ne kawai, ga mace ta warke, na mene ne? Innarku ta tambaye ni ina manyan ƙwayoyin, na ce an daina. Ka lura da wannan, domin zan dawo kansa.

Wata da watanni tana shan farar ƙwaya, sai fuskarta ta fara cika, kumatu suka yi tulu-tulu, barci ya ragu, aka auna aka ce sukarinta ya ɗan hau. Likita ta riga ta gaya mana hakan na iya faruwa, kuma zai ja baya in an rage ƙwayar. Amma mata in sun shigo gaisuwa sai su ce, "Hajiya, wannan kumburi fa?" Ta fara ƙin fita biki. Ni kuma abin ya tsaya mini a rai.

A nan Malam Sabi'u ya shigo. Ka san shi, tsohon abokina da muka yi noman rani tare a bakin madatsar ruwan Zobe kafin ya bari ya kama sayar da kayan wani kamfani a kasuwar Dutsin-Ma. Na zauna a rumfarsa wata ranar kasuwa na ba shi labari. Ya girgiza kai ya ce, "Haba Malam Iro, ai guba kake ɗura mata. Maganin Bature danne ciwo yake, ba ya cire shi. Dubi wannan." Ya jera mini kwalabe masu kyau, masu hoton ganye: kafson kurkum, man kifi, garin zogale a cikin kafso, da wani shayi da ya ce yana wanke jini. Ya nuna mini hotuna a wayarsa, tsofaffi sun yar da sanda suna tafiya. Ya ce, "Amma fa sai an ajiye waccan. Ba a haɗa tsarki da najasa a tulu ɗaya."

Na kawo kwalaben gida ina jin kamar na yi abin kirki. Na ɗauke farar ƙwayar na jefa a aljihun babbar rigata. Innarku ta ce, "Malam, likita fa ta ce kada a tsaya." Na ce, "Likitar ce ke aurenki ko ni?" Ta miƙo hannu ta karɓi kafson.

Ka dubi abin da na yi da kyau. Ƙarin da likita ta ba ta saboda dalili, na raina shi na yar. Ƙarin da ɗan kasuwa ya ba ni saboda ciniki, na ɗaukaka shi har ya kori magani. Ba ƙiyayya ta sa ni ba, so ne. Amma so marar sani, in ya haɗu da ikon maigida, ya fi ƙiyayya ɓarna, don ita ƙiyayya ana ganinta a kauce.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, kuma in ka manta komai a takardar nan kada ka manta wannan. Kada bakinka ya taɓa ce wa wani ya ajiye maganin asibiti saboda abin da kake sayarwa. Ko shugabanka ya ce ka faɗa, ko ciniki zai kuɓuce, ko za a kore ka. Sunan abin ƙari. Ƙari kuwa a kan wani abu ake ɗora shi, ba ya zama a madadinsa. Daga baya na tambayi likitar nan game da kurkum da man kifi, ta ce ba ta hana wanda ke so ba in dai ya gaya mata, don wasunsu ba sa jituwa da wasu magunguna, amma ita ba ta san wata hujja da ta nuna suna warkar da wannan ciwo ba. In mai saye ya tambaye ka, ka gaya masa haka, ko da zai mayar maka da kwalbar.

Ba a jima da tsayar da ƙwayar ba Innarku ta zube. Jiri, amai, kasala, ko kofi ba ta iya riƙewa. Kafaɗu suka sake ƙagewa fiye da da. Na kira Sabi'u a waya, ya ce, "Alhamdu lillahi, gubar ce ke fita. A ƙara mata shayin." Na ƙara. Ta ɗan farfaɗo daga aman, na ce ga shi kuwa.

Sai ciwon kai ya zo, a gefen dama, daidai inda likita ta nuna da yatsa. Saratu ta zo yi mata kitso, ta ce ko taɓa fatar kan ba ta iya jurewa. Na ga Innarku tana cin tuwo tana tsayawa, tana riƙe muƙamuƙi. Ta ce, "Malam, taunar ce ke gajiyar da ni." Hamisu, na tuna maganar likita a lokacin. Ba zan yi maka ƙarya in ce na manta ba. Na tuna sarai. Amma lokacin ɗiban tumatir ne a Zobe, masu mota sun zo, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Ga kuma kunya: in na koma Katsina, da wane baki zan ce na tsayar da maganin? Sai na ce mata bari a gama ɗiba, mu je gaba ɗaya. Saratu ta ce, "Baba, ni in kai ta mana." Na ce ba za a yi haka ba ina raye.

Da na dawo daga Zobe, Innarku ta ce mini jiya wani abu kamar labule ya sauko mata a ido ya koma. Na ce rashin barci ne.

Washegari da safe tana zuba mini koko, sai na ga tana zubawa a gefen kofin, kokon na malala a kan tabarma, ita kuwa ba ta sani ba. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta rufe idon hagu da tafin hannunta, ta juyo inda muryata take. Ta ce, "Malam, ba na ganinka."

Ba ta yi kuka ba. Ni ne na yi, a cikin mota, har Katsina.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tambaya yaushe aka tsayar da ƙwayar, na faɗa. Ta tambaya yaushe ciwon kan ya fara, na faɗa. Ta ajiye alƙalaminta. Sannan ta ce jijiyar da ke kai wa idon dama jini ta toshe, wannan ido ya riga ya tafi, yanzu na hagu za su yi ƙoƙarin cetowa. Aka kwantar da ita, aka ɗura mata irin maganin nan da na kira guba, ninkin-ba-ninkin abin da take sha a da. Na hagun ya tsira, amma ba duka ba.

Ka riƙe wannan ma. Wata rana wani zai tsaya gabanka yana lissafa abin da ke damun uwarsa ko matarsa, yana so ka ba shi kwalba ya tafi. Ka koyi gane lokacin da ya kamata ka ture kwalbar gefe ka ce masa, "Tashi ka kai ta asibiti yanzu." Kuma duk wanda ya ce maka tsanantar ciwo alama ce ta magani na aiki, ka guje shi. Da wannan magana aka rufe mini ido har na rufe na Innarku. Kada kuma kunyar kuskuren jiya ta sa ka ƙara na yau a kansa. Da na haɗiye kunyata na koma tun ranar da kai ya fara ciwo, da mai yiwuwa yau tana ganin jikokinta da ido biyu.

Ban gama ba. Na ce maka zan dawo kan manyan ƙwayoyin nan biyu.

Saboda abin da ya faru, dole ta daɗe tana shan farar ƙwaya mai yawa. A wannan karon na sayi kalsiyam da bitamin D ban fasa ba, likita ta ƙara mata ma da wani maganin ƙashi. Amma watannin da na hana ta sun riga sun wuce, ba a dawo da su. Wata rana ta sunkuya za ta ɗauki 'yar tukunyar miya, ba wani kaya mai nauyi ba, sai ta yi ƙara ta durƙushe. Hoto ya nuna ƙashin bayanta ya ɗan rufta. Likita ta ce ba za ta ɗora laifin duka a kan rashin ƙwayoyin ba, akwai shekaru, akwai yawan maganin. Na gode mata da wannan sassauci, amma ban karɓa ba. Wannan ranƙwafawar da kake gani, wadda ta sa Innarku ta koma kamar sa'ar kakarku, ina da hannu a ciki.

Don haka ban ce duk ƙwayoyin ƙari banza ne ba. Akwai wanda rashinsa ke karya mutum. Bambancin shi ne, wa ya ce a sha, don me, kuma nawa. Su ma waɗannan biyun likita ta ce in an zarce ƙima suna taɓa ƙoda. Ta kuma ce mu haɗa da abin da ke gabanmu: nono da kindirmo da matan Fulani ke kawowa har ƙofar gida, ƙananan kifin Zobe da ake ci da ƙayarsu, riɗi, zogale na miya, da ɗan zama a hantsi, da tafiya daidai ƙarfinta. Zogalen da na saya cikin kwalba mai hoto, ga bishiyarsa a bayan ɗakinmu tana zubar da ganye awaki na ci. In talaka ya zo maka, abin da ke hannunsa bai isa abinci da kwalba duka ba, ka ce masa ya sayi abinci.

Bayan an sallamo mu na je wurin Sabi'u, zuciyata na tafasa. Na yi niyyar in tara masa kasuwa. Na same shi yana ɗaure wa wata tsohuwa irin kwalaben nan. Da na gaya masa, sai ya ce, "Wallahi Malam Iro abin da aka koya mana ke nan a taro. Tsohuwata ma shi take sha." Na duba fuskarsa na ga ba ƙarya yake ba. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da a ce macuci ne. Mutumin kirki ne, mai sallah, an cika masa baki da magana ya zo ya juye mini, ni kuma na kai gida na juye. Kai ma za su tara ku a ɗaki mai sanyi, su tafa muku, su koya muku abin faɗa. Kyakkyawar niyyarka ba za ta mayar wa kowa ido ba. Duk abin da aka ce kwalba na yi, ka tambaya: wa ya gwada, a kan wa? In amsar hoton waya ce kawai, ka kama bakinka.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shirun da na yi. Na bar 'yan'uwa suna cewa hawan jini ne, wasu suna cewa sammu, ban gyara wa kowa ba. Saratu ta sani, ta rufa mini asiri. Innarku kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe baki ta ce ni ne ba. Na taɓa neman gafararta, ta ce, "Malam, ai nema mini lafiya ka yi." Ka ga irin matar da na ce wa likita ce ke aurenta ko ni. In Allah Ya ba ka mata, ranar da ta ce maka "an ce kada a yi," ka tsaya ka saurara. Girman maigida ba ya raguwa don ya ji magana.

Ban rubuta wannan don ka tsane ni ba, ko da yake in ka ji haushina ba ka yi laifi ba. Na rubuta ne don kada wata rana wani dattijo a wani gari ya zauna yana ba ɗansa irin wannan labari, sunanka a ciki.

Abu ɗaya ya rage. Tun da ka tsayar da gemu Innarku ba ta san kamanninka ba. Ta gaya wa Saratu cewa in ka shigo, inuwa doguwa kawai take gani mai muryarka, kuma fuskar da take riƙe da ita a zuci ta yaron nan ce da ya tafi Zariya. Kunya ba za ta bar ta ta roƙe ka ba. Ranar tafiya, in ka shiga sallama, kada ka tsaya daga bakin ƙofa. Ka durƙusa kusa da ita ta gefen hagu, ka kama hannunta ka ɗora a fuskarka, ka bar ta ta shafa har ta gaji. Mota ta jira.

Allah Ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya ba ka halal mai albarka, Ya hana ka cin abin da zai zama ciwo a jikin wani. Ya sa ka gama da mu lafiya, Ya dawo mana da kai muna raye. Innarku na sa maka albarka, ni ma haka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Iro, Kurfi